Cron ɗina yana tashi a ranakun da ban sa shi ba, don Allah a taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa, masu Linux don Allah ku duba min wannan, kwana uku kenan ya hana ni sakat. Akwai wani shago da nake kula musu da saba ta Ubuntu, mai shagon yana so duk Juma'ar farko ta wata a tura masa rahoton ciniki ta imel da ƙarfe 7 na safe. Sai na sa a crontab, wato jadawalin da cron (manhajar da ke tayar da umarni a lokacin da aka sa mata) yake bi:

0 7 1-7 * 5 /home/shago/rahoto.sh

A tunanina tunda gurbi na uku ranar wata ne, na biyar kuma ranar mako, 5 Juma'a ce, to sai duka biyun sun haɗu zai tashi. Ashe ba haka ba, rahoto ya dinga zuwa kullum daga 1 ga wata har 7, sannan kowace Juma'a ma ya zo, har Alhaji ya kira ni yace saƙon ya ishe shi, wallahi naji kunya sosai. Kuma ƙarfe 8 yake shiga, wannan dai na gano, agogon sabar yana kan UTC (lokacin duniya) mu kuma muna gaba da awa ɗaya, na mayar da shi 6.

Sai na canza zuwa haka:

0 6 1-7 * * [ "$(date +%u)" = 5 ] && /home/shago/rahoto.sh

A taminal yana aiki lafiya lau amma a cron shiru kake ji, da na duba syslog (inda sabar ke rubuta abin da ya gudana) sai naga umarnin ya yanke daidai wajen alamar % ɗin nan. Ita ce matsalar? Ko gara in mayar da duba ranar cikin rahoto.sh kawai? Wata ya kusa ƙarewa, nagode.