Ina son buɗe ajin rawar bale ga yara mata a Barnawa, ta ina zan fara?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. An ba mu aron wani zaure a Barnawa da ke Kaduna, faɗinsa ƙafa 16, tsawonsa ƙafa 24, daɓen siminti ne. Muna da malama mace da ta koyi bale (ballet, rawar nan ta Turawa mai tsalle da tsayuwa a kan yatsu), da yara kusan 20 masu shekara 6 zuwa 12, wasu daga Kakuri da Narayi, wasu sai sun tsallako gada daga Tudun Wada. Rabinsu iyayensu ba za su iya biya ba. Akwai kurma ɗaya, akwai kuma mai keken guragu. Me ya kamata mu fara sayowa, kuma yaya za mu yi kada ajin ya koma na 'ya'yan masu hali kaɗai?

Kafintan Panteka:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ku fara da madubi, ku fara da daɓe. Siminti ba ya lotsawa, duk tsallen da yarinya ta yi nauyin a ƙwauri da gwiwa yake ƙarewa, nan da 'yan watanni sai ciwon ƙwauri. Tayil kuma ya fi muni, ga tauri ga santsi.

Falankin filawud mai kaurin rabin inci za ku saya, mai ƙafa 4 da 8. Zaurenku zai ci 12 a shimfiɗa ɗaya, shimfiɗa biyu ake yi, 24 ke nan. A fara shimfiɗa leda mai kauri saboda danshin damina. A yanka robar da ake yin silifas da ita, inci 2 da 2, kauri kusan inci ɗaya, a manna a ƙarƙashin falankin farko, tazarar inci 8 zuwa 10. Ban da soson katifa, mako kaɗan zai kwanta. Shimfiɗa ta biyu a gicciye ta, kada mahaɗa ta hau kan mahaɗa, in ba haka ba nan ne zai buɗe ya kama yatsa. A nutsar da kan sukurori, a bar rabin inci tsakanin katako da bango don yana kumbura, a shafa maganin gara. Sama a sa shimfiɗar roba marar sheƙi. Da hunturu ƙura na mai da ita santsi, sai a goge da tsumma mai ɗan danshi kafin kowane aji, ba sabulu ba man goge ƙasa.

Sandar riƙo, wadda yara ke dafawa lokacin horo, mai walda zai yi muku da bututun inci ɗaya da rabi, hawa biyu: santimita 80 na ƙanana, mita ɗaya na manya. In kuɗin daɓe bai samu ba tukuna, a yi aikin sanda da miƙa jiki, a jinkirta tsalle.

Malamar Rawa:
Hajiya, abin da ke korar yara daga irin wannan aji sau da yawa ba kuɗin makaranta ba ne. Lokaci ne, da sutura, da kuɗin Keke Napep.

Yawancin Islamiyyu na hutun Alhamis da Juma'a, yaran Kirista kuma Lahadi ta coci ce. Ki sa ajin Alhamis da Juma'a da yamma bayan La'asar, a tashi da sauran rana yadda 'yan tsallaken gada za su isa gida kafin Magariba. Ki raba su biyu, don zauren ba zai ɗauki fiye da 12 a lokaci guda ba, kowace tana bukatar kusan mita ɗaya a jikin sanda. 'Yan 6 zuwa 8 minti 45, manyan awa ɗaya. Da azumi a rage tsalle ko a ba da hutu.

Sutura ita ce inda iyaye za su tsaya, kuma suna da gaskiyar tambaya. Malama ba ta bukatar ganin fata. Gwiwa da idon sawu take son gani, don ta tabbatar gwiwa na kallon inda yatsu suke kallo. Buɗe ƙafa a bale daga ƙugu yake fitowa. Yarinyar da ta murɗa sawunta da ƙarfi alhali ƙugu bai buɗe ba, gwiwarta ce za ta biya. Saboda haka dogon wando mai kama jiki, riga mai dogon hannu, siket da ya tsaya saman gwiwa, da ƙaramin hijabi mai roba wanda ba allura. Kowa iri ɗaya, kada a gane mai shi da marar shi. Ƙofa a buɗe ga iyaye mata, ban da ɗaukar bidiyo sai da izini. Kuma ki faɗa musu gaskiya cewa rawa ce. In kin ce motsa jiki ne kawai, ranar da suka gani amana ta tafi. Wanda bai yarda ba a rabu lafiya.

Takalmin tsayuwa a kan tsinin yatsu kada ki kashe ko sisi a kai yanzu. Ba a sa wa yarinya shi kafin shekara 11 ko 12, kuma sai ta yi shekaru tana horo, don ƙashin ƙafa bai gama ƙwari ba. Na yadi mai laushi ya isa. Ki ajiye kwandon takalma, wadda ƙafarta ta girma ta mayar ta ɗauki wani. In kin samu mai launin ƙasa-ƙasa ki fifita shi. Sai a 2018 kamfanin Freed na Landan ya fito da takalmin tsinin yatsu na masu duhun fata tare da ƙungiyar rawa ta Ballet Black, kafin nan hodar fuska masu rawa ke shafa wa nasu.

Mai shekara 12 kuma kada a ce ta makara. Misty Copeland tana da 13 ta fara, a wata cibiyar yaran unguwa a Amurka, a 2015 ta zama baƙar fata mace ta farko da ta kai matsayin babbar 'yar rawa a kamfanin rawar bale na American Ballet Theatre.

Yaya Mai Kula da Masu Bukata ta Musamman:
Ita kurmar, ki tsayar da ita a layin gaba inda take ganin fuskar malama, kada malama ta yi bayani ta juya baya. A ƙirga da yatsu, a buga ƙaramar ganga a kan katakon, za ta ji bugun a tafin ƙafarta. Mai keke tana yin duk aikin hannu da kai da juyi, a tsakiyar layi ba a gefe ba. Sai dai daɓen da Malam Kafinta ya bayyana zai ɗaga ƙasa kusan inci 2, don haka keken zai bukaci gangarar hawa, kuma ƙa'idar gangara ita ce kowane inci ɗaya na tudu ƙafa ɗaya ta tsawo. Ki auna ƙofar banɗaki ma, ta kai santimita 90.

A kan kuɗi, na san makarantar Leap of Dance da Daniel Ajala ya buɗe a Legas a 2017 kyauta take koyarwa, daga can Anthony Madu ya fito, wanda bidiyon rawarsa cikin ruwan sama ya zagaya duniya a 2020. Amma ni ba na ba ki shawarar kyauta ga kowa, don malamar da ba a biya wata rana za ta tafi. Masu hali su biya cikakke, a ware wani kaso na motar 'yan nesa, a yi jinga da mai Keke Napep ɗaya amintacce na wata-wata. Jerin waɗanda aka yafe wa ya tsaya tsakaninki da littafinki.

Maman Biyu:
Allah ya saka da alheri. Malam Kafinta, in mun fara da rabin zauren, falanki 12, zai yiwu a ƙara sauran daga baya ba tare da an kwance ba?