Masu taimako uku, kowa da sharaɗinsa: yaya za mu haɗa kuɗin ɗakin karatu na kwamfuta?

Sakataren ƙungiya, Marwa:
Assalamu alaikum. Ƙungiyar unguwarmu na son buɗe ɗakin karatu da kwamfutocin hannu (tablet) a wata firamare da ke bayan gari, inda babu wuta, sabis kuma sai an yi ta nema. Mun samu masu niyya: wani Alhaji na nan gida, 'yan unguwa mazauna Duwala da Yawunde masu karo-karo, da wata ƙaramar ƙungiya ta ƙetare. Sai dai kowa cewa yake kwamfutoci zai saya, a liƙa sunansa a jiki. Ba wanda ya ambaci sola, balle malamin da zai kula. Ta ina za mu fara, kuma me za a saya wa yara 40 a zama guda?

Hajiya Ma'aji, Garwa:
Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Kada a sayi ko caja tukuna. A fara haɗa masu taimakon, ko ta WhatsApp ne, su amince da takarda guda: kuɗin kowa asusu ɗaya zai shiga, kasafi ɗaya za a bi, rahoto ɗaya kowa zai karɓa duk wata uku. Haka manyan asusun ilimi ke tafiya. Education Cannot Wait, da aka kafa a 2016, ƙasashe da gidauniyoyi ne ke zuba masa kuɗi wuri guda, a raba bisa buƙata, kuma yana aiki a Kamaru da Cadi. Amma kuɗinsa ta hannun hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan ƙungiyoyi yake bi. Tsarin za ku ɗauka, kada ku zauna jiran kuɗin.

Shawarata a kan kasafi: kashi 55 na kaya, kashi 25 na gyara da canji har shekara uku, kashi 20 na horo da ɗan alawus na mai kula. Kason gyaran a ware shi tun ranar farko, domin idan aka bar shi cikin sauran, bikin buɗewa da rumfa da lemo za su cinye shi.

Ga abin da aka fi mantawa. Dokar ƙungiyoyi ta Kamaru mai lamba 90/053 ta 19 ga Disamba 1990 ba ta yarda ƙungiyar da rajista kawai ta yi ta karɓi kyauta daga mutane ba, sai wadda gwamnati ta amince tana aikin amfanin jama'a. Kuɗin mambobi kuwa ya halatta. To Alhaji da 'yan Duwala su shiga a matsayin mambobi, kuɗin ƙetare kuma ya bi ta hannun ƙungiya mai zaman kanta (ONG) mai izini. Ku nuna wa lauya takardar kafin a sa hannu. Sannan kada kuɗi ya riƙa sauka a lambar Orange Money ko MoMo ta mutum ɗaya. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, ba a cire ko sisi sai biyu cikin mutum uku da aka naɗa sun sa hannu. Sunayen masu taimako kuma allo ɗaya a bakin ƙofa ya ishi kowa.

Mai haɗa sola, Kuseri:
Hajiya ta gama magana kan kuɗi. Malam, yara 40 kwamfuta 20 ta ishe su, biyu-biyu, kuma duka su zama iri ɗaya. In kowa ya sayo tasa, za a wayi gari da caja iri uku, gilashin wannan bai shiga waccan, wadda ta mutu ba za a ciri kayanta a gyara 'yar'uwarta ba.

Lissafin wuta: batirin kowace kwamfutar hannu yana cin kimanin wat-awa 25, sau 20 ya zama 500. Ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, wadda za ta riƙe darussan, da na'urar rarraba wifi su ci kamar wat 10 na awa 8, wato 80. A ƙara asarar waya da caja, a ce 800 a yini. Faifan sola na wat 300 zai ɗauka, da rarar da za ta rufe ranakun hazo da na Agusta. Batir kuma a sayi lithiyam nau'in LiFePO4, volt 12, amfiya-awa 100. Ya fi tsada, na sani, amma batirin dalma rabinsa kawai ake iya sha, kuma zafi ne ajalinsa: kusan duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage masa rabin tsawon rayuwarsa. A Marwa kuwa watan Afrilu kan haura 40, ɗakin kwano ya fi haka. A ajiye batirin ƙasa, inda iska ke ratsawa. A yi caji da rana kai tsaye, da cajojin USB masu aiki da volt 12, ba sai an sa inbata ba. Lokacin hunturu a goge faifan da ɗanyen tsumma duk bayan kwana biyu, da sassafe kafin ya ɗau zafi.

Malamin aji shida, Ngawundare:
Intanet ba dole ba ne, kada a ɗaura wa ƙungiya kuɗin data na wata-wata. A sa Kolibri, manhajar karatu mai aiki ba tare da intanet ba, a kan Raspberry Pi ɗin, a je gari inda sabis ke da ƙarfi a sauke darussan lissafi na shafin koyarwa na Khan Academy cikin harshen Faransanci. Da manhajar Kiwix kuma a sauke Vikidia, kundin sani na yara, da Wikipedia ta Hausa. Katin memori kan lalace idan wuta ta ɗauke ba a kashe na'ura ba, saboda haka a kwafi kati na biyu a ba daraktan makaranta ya kulle a ofis.

Na ɗan saɓa da Hajiya a kan kashi 20 na horo. Ni da 25 zan sa. Malamai biyu za a horar, ba ɗaya ba, domin ana yi wa malami canjin wurin aiki, ɗaki ya zauna a kulle da kwaɗo har kaya su yi ƙura. Kuma a sa awannin ɗakin cikin jadawalin makaranta da sanin sufeton ilimi da ƙungiyar iyaye da malamai ta APEE. A duba ma rajistar masu shiga, saboda idan bayan tashi aka sa lokacin, 'yan mata ne za su fara rasawa.

Sakataren ƙungiya, Marwa:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, saura ɗaya: Alhaji ya ce shi kaya zai kawo, ba zai ba da tsabar kuɗi ba.

Hajiya Ma'aji, Garwa:
Ku karɓa da godiya, amma ku ne za ku rubuta masa abin da zai saya, da suna da lamba. Ku fara roƙonsa ya ɗauki sola da batir, tunda su ne ba su da mai so. In ya dage kan kwamfutoci, ya sayo 22 iri ɗaya, biyu na ajiya, a shigar da rasit ɗin cikin littafi a matsayin kasonsa, kuɗin sauran kuma ya koma kan wuta da gyara da horo.