Ciyawar jigawa da girman kundin gado

Sa'adu: Assalamu alaikum. Ina nan kan bakana na jiya a fada: tsiron da kundin gadonsa ya yi girma, wato jimillar DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, da ke cikin kowace ƙwayar halittarsa, ba shi da wurin zama a jigawar Maradi. Daminarmu wata uku ce zuwa huɗu. Dole ƙarangiya da burburwa su tsiro, su yi fure, su zubar da iri kafin ruwa ya ɗauke. Ƙwayar halitta kuma ba ta rabuwa biyu sai ta kwafe DNA ɗinta kaf, mai dogon kundi kuwa kwafinsa na daɗewa. Tun 1972 masanin tsirrai Michael Bennett ya nuna cewa tsirran da ke gama rayuwa cikin 'yan makonni kundinsu ƙarami ne.

Malam Iliya: Wa alaikumus salam. To ɗana, yaya za ka yi da gero? Haruffan DNA ɗinsa, waɗanda ake ƙirgawa a san girman kundi, sun kai biliyan 1.7, na dawa miliyan 730, na shinkafa wajen miliyan 400. In lissafinka ya tafi daidai, shinkafa ce za a riƙa shukawa a tudun Dakoro, gero ya koma gulbi. Shekara nawa ina yawon gonaki, ban ga haka ba.

Hajara: Malam ya kada ka, Yaya Sa'adu. Ka tashi ka kakkaɓe.

Sa'adu: Gero abin shuka ne, ranka ya daɗe, hannun manomi ya zaɓe shi. Ni na daji nake nufi.

Malam Iliya: Shibra fa, wa ya shuka ta? Kyasuwa kuma kwafi huɗu na kundi take ɗauke da su a kowace ƙwayar halitta maimakon biyu, wata ma shida, ga ta ta cika kan iyakar gonaki, damina guda take yi ta mutu.

Malama Rabi: Ku gafarce ni in shiga tsakani. Malam, misalinka ya yi kyau, sai dai gero da dawa da shinkafa duk a layin ƙanana suke. Tazarar da ke tsakanin tsirrai ta wuce ninki 2,000. Akwai Genlisea, mai cin ƙananan halittu, da miliyan 61 kacal. Akwai Paris japonica ta duwatsun Japan da aka auna a 2010, biliyan 149. A 2024 aka samu wani ɗan tsiro a tsibirin Sabuwar Kaledoniya mai biliyan 160, fiye da ninki 50 na ɗan Adam. Abin da masana suka gani shi ne, mai ƙaramin kundi yana iya zama ko'ina, ya yi sauri ko ya yi jinkiri. Mai ƙaton kundi ne aka taƙure: ba ya iya zama ciyawar damina ɗaya, kuma da wuya a gan shi inda zafi da fari suka tsananta. Katanga ce can nesa, gero bai ko kusance ta ba.

Alhaji Mamman: Malama, mu da ba mu yi lakwal mai zurfi ba, a ba mu misalin abin da muka sani.

Malama Rabi: Albasar Galmi, Alhaji. Biliyan 16, ninki biyar na mutum. Shi ya sa ɗalibai ke fara kallon ɓawonta a madubin ƙara girman ƙananan abubuwa, ƙwayoyinta manya ne. Danginta na daji irin su albasar kwaɗi su ma gidan manyan kundi ne, kuma ka lura da dabararsu: suna ɓoye abinci a ƙarƙashin ƙasa, su kwana rani, ruwan farko na sauka su fito da wuri. Ba su tsere da ƙarangiya daga iri.

Sa'adu: Ashe dai ina da gaskiya.

Hajara: Kai ka ce ba su da wurin zama, ga albasar kwaɗi zaune a bakin fadama.

Sa'adu: Fadama na ce ko jigawa? Ga ma hujja ta biyu. DNA da azot da fosfor, sinadaran da ke cikin taki, ake gina shi, ƙasarmu kuwa kowa ya san yunwar fosfor take yi. A Rothamsted ta Ingila akwai filin ciyawa da ake gwajin taki a kansa tun 1856. Binciken 2016 ya nuna masu babban kundi ba su rinjaye ba sai a kunyoyin da aka ba azot da fosfor tare.

Malam Iliya: Ingila, inda ruwa ba ya yankewa. Nan ƙishirwa ke fara kashe tsiro kafin yunwa. Kuma fosfor ɗin da ke cikin ganye ba DNA kaɗai ke cinye shi ba. Sannan dangin albasa gado suka yi, kakanninsu ma manyan kundi gare su. Ta yaya ka raba abin da ƙasa ta zaɓa da abin da aka gada?

Malama Rabi: Wannan tambayar ita ce mai nauyi, Malam, shi ya sa ake gwada tsiro da ɗan'uwansa na kusa. Batun ƙishirwa kuma bai fita daga zancen ba. Babban kundi na kawo manyan ƙwayoyi, manyan ƙwayoyi na kawo manyan ƙofofin numfashi a ganye, ba su da yawa kuma galibi ba su saurin rufewa idan rana ta take.

Alhaji Mamman: To ku je tsohon mashekari inda shanu suka kwana, ku duba ciyawar da ta fito, ku gwada da ta faƙon da ke gefensa. Taki ga shi nan kyauta.

Sa'adu: Wallahi Alhaji ka ba ni aikin ƙarshen karatu. A shafa man farce mara launi a bayan ganye, ya bushe, a ɓare, a auna ƙofofin a madubi.

Malam Iliya: Ƙofa za ka auna, ba DNA ba. Kada ka dawo mana ka ce ka auna kundi.

Malama Rabi: Ka fara da ciyayi zalla, Sa'adu, kada ka haɗa su da tafasa. Ka tsinko ganye cikin watan Agusta kafin su bushe, ka zo mu duba tare.