Katin inshorar lafiya a hannu: me kuka tarar ranar da kuka je asibiti da shi?

Sakataren wata ƙungiyar teloli, Kano

Assalamu alaikum jama'a. Ƙungiyarmu ta masu sana'ar ɗinki tana shawarar yi wa mambobinta rajistar inshorar lafiya a ƙungiyance, tunda dokar da marigayi shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, wadda ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, a madadin tsohon shirin NHIS, ta wajabta inshorar a kan kowane ɗan Najeriya, ba ma'aikatan gwamnati kaɗai ba. An ɗora mini alhakin tattaro bayani kafin taronmu na ƙarshen wata. Takardun talla na riga na karanta su, saboda haka ba su nake nema ba. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga asibiti da katin, da waɗanda suke aikin karɓarsa, su faɗa mana abin da ya gudana tun daga ɗakin kati har zuwa wurin karɓar magani. Don Allah kada a kama sunan asibiti ko na kamfani, domin ba ƙara muka kawo ba.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya, Zariya

Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Na daɗe a cikin shirin, kuma zan fara da alherinsa kafin a ce ba ni da godiya. Lokacin da aka yi wa maiɗakina tiyatar haihuwa, abin da ya fita daga aljihuna bai taka kara ya karya ba, alhali maƙwabcin gadonmu, wanda ba shi da kati, sai da ya sa aka sayar masa da buhunan masara a ƙauye kafin a sallami matarsa.

Wahalar tana wurin lambar izini. Zazzaɓi, mura, awon ciki da makamantansu ana yin su kai tsaye a asibitin da mutum ya zaɓa, amma da zarar likita ya rubuta hoton ciki mai tsada, ko ganin ƙwararre, ko tiyata, sai asibiti ya nemi amincewar kamfanin HMO ɗin da ke riƙe da kai, wato kamfanin tsakiya da ke biyan asibiti kuɗin aikin. Ranar da aka rubuta wa maiɗakina hoto, na zauna a benci ina kallon jami'ar da ke kula da masu inshora. Wayoyi biyu ne a gabanta, ta ɗauki hoton takardar likita ta tura ta WhatsApp, ta kira layin kamfanin ana ta sa mata kiɗa, mu kuma muna zaune tun hantsi har aka kira azahar. Duk wanda ya zo da kuɗinsa a hannu ya wuce mu ya shiga ya fito. Lambar ta zo daga baya, amma mai ɗaukar hoton ya riga ya tashi, sai washegari.

Akwai kuma abin da ya kamata ku sani tun yanzu, musamman ku da kuke da masu iyali da yawa. A tsarinmu na ma'aikata, katin yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Amarya da sauran yara sai an biya musu daban. Na san gidajen da wannan magana ta haddasa rigimar da sai da manya suka shiga.

Malamar firamare, Kano

Ni a shirin jiha nake, ana cirar kuɗin daga albashina duk wata. Ganin likita bai taɓa ba ni wahala ba, kuma ban taɓa biyan kuɗin kati ko na gwajin jini ba. Matsalata a tagar magani take. Ɗana yana da asma, kuma sau tari idan na miƙa takarda sai a ba ni farasitamol da maganin tari, a ja layi a ƙarƙashin abin shaƙar da ya kawo mu, a ce babu shi, in je in saya a waje. Maganin da ake da shi kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa nake biya, wannan gaskiya ne, amma wanda babu ɗin shi ne mai tsadar. Ina so masu ba da magani da ke cikin wannan zaure su faɗa mini tsakani da Allah, da gaske babu shi ne, ko mu masu kati ne ba a ba mu?

Mai harhaɗa magunguna a wani asibiti mai zaman kansa, Kaduna

Malama, tambayarki tana kan hanya, kuma amsar ita ce duka biyun suna faruwa. Ni ne nake tsaye a bayan irin wannan taga, saboda haka bari in faɗi yadda lissafin yake.

Akwai jerin magunguna da farashin da inshora take biyan asibiti a kan kowanne. Wannan farashi a takarda yake, ba ya motsawa sai hukuma ta sake shi, ita kuwa kasuwa kullum cikin motsi take. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuma mafi yawan magungunanmu ko dai shigo da su ake yi, ko kuma sinadaran haɗa su ne ake shigowa da su daga Indiya da Sin. A watan Agustan 2023 kamfanin magunguna na GSK ya sanar da cewa zai daina gudanar da harkarsa da kansa a Najeriya ya koma bai wa dillalai, Sanofi ma ya bi sahu bayan 'yan watanni. Ventolin, wanda nake zaton shi ake rubuta wa ɗanki, na GSK ne, kuma a wancan lokaci ya yi wuyar samu, farashinsa ya ninka ninkin ba ninkin, haka ma Augmentin. Na sha riƙe kwalin magani a hannuna ina duba kuɗin da muka saye shi da kuɗin da za a biya mu a kansa, in ga cewa kowane kwali da na miƙa wa mai kati asara ce ga asibitin. A irin wannan hali shugabannin asibiti da yawa sun daina sayo maganin gaba ɗaya, wasu kuma suna ajiye shi don masu biya da kuɗi. Na biyun ba daidai ba ne, kuma ba zan kare shi ba.

Shawarata gare ki ita ce ki nemi likita ya rubuta sunan sinadarin, wato salbutamol, maimakon sunan kamfani. Akwai na wasu kamfanoni masu rajistar NAFDAC da suke aiki iri ɗaya a farashi mai sauƙi, kuma su aka fi samu a jerin inshora. A watan Yunin 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu a kan umarnin cire haraji daga kayan haɗa magunguna don kamfanonin cikin gida, amma a tagata dai sauƙin a hankali yake isowa.

Sakataren wata ƙungiyar teloli, Kano

Na gode Malam. To amma idan asibiti asara yake yi, me ya sa yake karɓar masu kati tun farko?

Likita mai ƙaramin asibiti, Katsina

Malam Sakatare, saboda kuɗin kai. A kan kowane mutum da ya zaɓi asibitina ana biyana wani kuɗi duk wata, ko ya zo ko bai zo ba, ni kuma na ɗauki nauyin duk ƙananan cututtukansa. Shekara da shekaru, har zuwa 2024, wannan kuɗi naira 750 ne. Ka duba abin da naira 750 take saya a kantin magani yau, sannan ka tuna cewa a cikinta zan biya ma'aikatan jinya, in sayi dizal, in yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, in ba da maganinsa. Babban asibiti mai dubban masu rajista yana iya fita, domin masu lafiya suna ɗaukar nauyin marasa lafiya, amma ni da nake da 'yan ɗaruruwa, idan damina ta sauka zazzaɓi ya kwantar da gida-gida, kuɗin watan ba ya kai mu tsakiyarsa.

A 2024 hukumar NHIA ta ƙara kashi 60 cikin 100 a kan kuɗin kai da kashi 40 a kan kuɗin manyan ayyuka, sannan a watan Afrilun 2025 aka sake ƙari mai tsoka, kuɗin kai ya koma wajen naira 1,450. Mun ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Abin da ya rage shi ne jinkirin biya. Na yi wa wani mai kati aikin kaba da lambar izini cikakkiya, na tura takardun neman kuɗi, aka dawo mini da su wai kwanan watan da ke kan takardar sallama bai yi daidai da na lambar ba. Kafin kuɗin su shigo, mutumin ya warke ya koma gona har ya yi girbi. Wannan shi ya sa wasu abokan aikina suka fice daga shirin, ni kuwa na tsaya ne domin ma'aikatan da suke zuwa da kati su ne suke kawo mini danginsu masu biya da kuɗi.

Ma'aikacin wani kamfanin HMO, Abuja

Ranka ya daɗe Likita, ban musa maganarka ba, amma a ba ni dama in faɗi abin da nake gani a kan kwamfutata. Na taɓa karɓar neman izinin tiyatar haihuwa da sunan matar da bayanan da ke hannunmu suka nuna an yi mata irin wannan tiyata watanni huɗu da suka wuce. Da muka bincika, sai ta bayyana ƙanwarta ce aka kwantar da katin yayar. Akwai katin da rabin unguwa suke shan magani da shi, akwai kuma asibitin da zai nemi kuɗin gwaje-gwajen da ba a yi ba. Lambar izini don wannan aka ƙirƙiro ta. Duk da haka na yarda cewa mai gaskiya ne yake shan zaman benci saboda laifin wani.

Ga Malam na Zariya, tun daga 1 ga Afrilun 2025 hukumar ta ba mu umarnin cewa kada amsar neman izini ta wuce awa ɗaya, kuma idan ba za mu amince ba sai mun faɗi dalili a cikin awar. A larurar gaggawa kuwa ba a jiran lamba, ana fara aiki ne, a nemo ta cikin awa 48. Idan aka zaunar da kai fiye da haka, ka tambayi jami'in asibitin ƙarfe nawa ya tura saƙon, ka rubuta lokacin, sannan ka kai ƙorafi ofishin NHIA na jiharku.

Lauya, Jos

Maganar gaggawa ba ta tsaya ga masu kati ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai larurar gaggawa bisa kowane dalili, kuma hukuncin saɓa masa tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Daren da babur ya kaɗe ƙanena, mai karɓar kuɗi ya ce sai mun ajiye kuɗin kafin alƙalami tunda ba a samu kamfanin inshorarsa a waya ba. Ban ɗaga murya ba, na nemi ganin likitan da ke bakin aiki na karanta masa sashen daga wayata, nan take aka shiga da shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsohon da na tarar a ƙofa da jikansa, wanda ba shi da mai karanta masa komai.

Akwai wani abu a labarin Malam na Zariya da ya wuce ba a kula da shi ba. Takardar likita mai ɗauke da sunan matarsa da abin da ke damunta an ɗauki hotonta da wayar ma'aikaciya, kuma mai yiwuwa har yau tana cikin wayar tare da hotunan biki. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyaye su, kuma alhakin yana kan asibiti da kamfanin inshora. Ku yi tunanin takardar gwajin cuta mai karya garkuwar jiki ce aka tura wa wata lamba bisa kuskure. Malam Sakatare, idan kuka zauna da kowane kamfani, ku tambaye su ta wace hanya asibitoci suke aiko musu da bayanan marasa lafiya, kuma wa yake iya buɗe su.

Wata Hajiya 'yar kasuwa, Zangon Kumasi

Ina gaishe ku 'yan'uwa na Najeriya. Mu a Gana tun 2003 aka kafa dokar inshorar, kuma babu kamfanonin tsakiya irin naku a tsarin gwamnati, hukumar ce take biyan asibiti daga harajin da ake ɗorawa a kan kayan masarufi da wani kaso na kuɗin fanshon ma'aikata. Wannan kuɗin kai da Likita ya bayyana a yankinmu na Ashanti aka gwada shi tun 2012, asibitoci suka yi ta kuka, aka dakatar da shi a 2017. Abin da ya fi sauƙaƙa mana shi ne sabunta kati ta waya, a danna *929# a biya da kuɗin waya, ba sai an kwana a layi kamar da ba. Amma maganar Malama ta Kano kamar a bakina ta ɗauke ta, domin ni ma maganin hawan jinina sau da yawa a kantin da ke kallon asibiti nake sayensa.

Ma'aikacin ɗakin kati a wani asibitin gwamnati, Bauci

Ni ne mutum na farko da mambobinku za su tarar, Malam Sakatare, kuma a wurina mutane da yawa suke komawa gida kafin ma su ga likita. Tun da aka mayar da mu kan kwamfuta, fayil ya daina ɓacewa, likita yana ganin tarihin mutum da sakamakon gwajinsa ba tare da an aiki masinja ba, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai ranar da wuta ta ɗauke batirin sola ya yi sanyi, ko netwok ya tsaya, ba ni da hanyar tabbatar da cewa katin mutum yana aiki, sai dai mu koma rubutu a takarda mu shigar daga baya, kuma a nan ne ake samun irin saɓanin kwanan watan da Likita ya yi kuka da shi.

Abin da ya fi yawan hana mutane shiga kuwa suna ne. Mutum zai zo katinsa an rubuta Muhammad, a lambarsa ta NIN Mohammed, a jerin da aka aiko mana Muhammadu, ko kuma mace ta yi rajista da sunan mahaifinta ta zo da sunan mijinta. Kwamfuta ba ta san cewa mutum ɗaya ne ba, ni kuma ba ni da ikon gyarawa daga teburina. Kafin ku biya ko sisi, ku tattara takardar NIN ta kowane mamba da ta iyalinsa, a kwafi sunan da ranar haihuwar harafi da harafi. Ku tambayi tsawon lokacin jira tsakanin biyan kuɗi da fara aikin katin, domin ba ranar da aka biya yake fara aiki ba. Sannan kowa ya zaɓi asibitin da ke kusa da gidansa, ya je da ƙafarsa tun yana da lafiya ya tabbatar sunansa ya fito a jerinsu.