Jajayen Duwatsun Yuta da Gardamar Hamada

Bitrus (Asawase, Kumasi): Jama'a, ina da ƙorafi. Watan jiya ɗana ya ɗauke ni a mota daga Las Vegas zuwa gandun Zion a jihar Yuta ta Amurka, inda hanya ke ratsa jajayen duwatsu tsaye cak kamar an yanka su da wuƙa. Sai da na sa ya tsaya na karanta Zabura ta 19, wadda ta ce sammai suna shelar ɗaukakar Allah, ina hawaye. A wannan hamada na gane cewa mutum ba ya sanin girman Mahalicci sai ya bar gari, amma da na dawo Kumasi ba abin da aka tambaye ni sai kuɗin jirgi.

Alhaji Sani (Aboabo): Malam Bitrus, barka da dawowa, sai dai wurin da kogi ke gudana a tsakiyarsa ba hamada ba ne, kuma Kogin Virgin ne ya sassaƙa wannan kwazazzabo. Mahaifina ya yi fatauci har Agadas, a bakinsa na ji yadda hamada take.

Bitrus: Alhaji, ƙarancin ruwan sama ake nufi da hamada. Ai Kogin Nilu ma hamada yake ratsawa.

Hajiya Rabi (Nima, Akara): Kawu Sani, da girmanka, kai da ba ka taɓa wuce Tamale ba, hamadar mahaifinka kake ara ka yi gardama da ita.

Alhaji Sani: 'Yar nan, mutanen Akara da ke kwana da ƙarar teku ba su da bakin magana a kan hamada.

Malam Yakubu: Jan da ya gani tsatsar ƙarfe ce a cikin dutsen yashi, kuma aya ta 27 ta Suratu Faɗir ta ambaci duwatsu masu zane fari da ja. Duk mai bin hanyar Akara yana wuce duwatsun Kwahu a Nkawkaw, yawancinmu muna barci a mota.

Hajiya Rabi: Malam, ba a kai nan ba tukuna, sai Kawu ya janye maganar teku.

Malam Idi (Aboabo): A taƙaice, Alhaji Sani ya kawo hujja daga mahaifinsa wanda duk muka sani, Malam Bitrus kuwa kogin Masar ya aro, don haka wurin ba hamada ba ne. Hajiya Rabi ta ba Alhaji haƙuri kafin Magariba.