Wane suna za mu ba infografik da Hausa?

Assalamu alaikum, abokan aiki. Tun da jaridu suka fara rage dogon rubutu, suna ba da labari ta hanyar tambaya da amsa, ko jerin ranakun da abu ya faru, ko zane mai ɗauke da alƙaluma, muke fama da rashin suna ga na ƙarshen nan, wanda a ɗakin labarai muke kira infografik. Jaridar USA Today ta Amurka ce ta yayata salon tun fitowarta a 1982, amma mu har yau aron bakin Bature muke yi.

Abin ya dame ni ne a watan Yulin 2023, lokacin da litar fetur ta kai naira 617 a nan Abuja, bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayu. Na rubuta sakin layi bakwai ina bayanin hauhawar, sai mai zanenmu ya jera jarkoki uku, kowace ta fi ta bayanta tsawo, ya sa farashi a gindin kowace. Aikinsa ya fi nawa isar da saƙo, amma da aka zo rubuta abin da zai nuna wa mai karatu inda zai same shi, kowa ya yi shiru.

Wani dattijo cikinmu ya kawo taswira. Na ce masa, Malam, a kunnen Bahaushe taswira ta ƙasa ce, mai garuruwa da iyakoki. Jadawali kuma layuka ne da gidaje, irin na lokutan salla. Zayyana ta fi su daɗin faɗa, kuma na so ta ƙwarai, sai dai duk wanda ya yi makarantar allo, da ya ji ta zai tuna allon sauka mai ado da launuka, alhali abin da muke magana a kai ba don ado ake yin sa ba.

Ni dai na tsaya a kan zanen bayani. Gajere ne, kuma ginin sa irin na jirgin sama da gidan waya ne, waɗanda suka zauna daram a bakin mutane, ba kamar na'ura mai ƙwaƙwalwa ba, wadda tsawonta ya sa kwamfuta ta ture ta. Wata abokiyar aikinmu ta yi dariya, ta ce a rubuce zane yana iya zama na ɗaurawa. Gaskiyarta, amma ban ga wanda zai karanta "duba zanen bayani a shafi na 5" ya tafi neman atamfa ba.

Jam'insa zane-zanen bayani, mai yin sa kuwa mai zanen bayani. Daga fitowar mako mai zuwa da shi za mu riƙa aiki a shafinmu na kasuwanci, sai in wani cikinku, musamman na gidajen rediyo da ke jin yadda kalma take sauka a kunne, ya kawo wadda ta fi shi.