Shirun da yarinya ta yi zai sa a ƙi yarda da ita a kotu?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina neman shawara. A Amurka muke zaune, kuma wata mai zuwa za a fara shari'ar mutumin da ya lalata 'yar ƙanwata. Ta daɗe tana ɓoyewa kafin ta faɗa, likita bai ga rauni a jikinta ba, har ma ta taɓa cewa ƙarya ta yi, daga baya ta koma kan maganarta ta farko. Mutum 12 daga cikin jama'a ne za su saurara su ce ya aikata ko bai aikata ba. Mai gabatar da ƙara ya ce zai kira ƙwararriya ta ba da shaida. Anya hakan zai taimaka? Wallahi barci ya gagare ni.

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumussalam Yaya, Allah ya saka mata. Rashin rauni kada ya karya miki zuciya. Yawancin yaran da aka duba bayan irin wannan ta'asa ba a ganin alama a jikinsu, domin wurin yana saurin warkewa, wani abin kuma ba ya barin tabo. Sai dai mutane da dama ba su san haka ba, suna zuwa kotu da tunanin lallai sai an ga shaida a jiki.

Wani lauya: Hajiya, amfanin ƙwararriyar ke nan: ta gyara wa masu taya alƙali yanke hukunci irin wannan zato. Tun 1983 likitan ƙwaƙwalwa Roland Summit ya bayyana yadda yaro kan ɓoye, ya jinkirta faɗa, wani lokaci ya janye saboda tsoro ko gudun watsewar gida. Amma ba a yarda ƙwararriyar ta ce wannan yarinyar gaskiya take faɗa ba, wannan aikin mutum 12 ɗin ne. Jihohi ma sun bambanta. A 2018 kotun ƙolin jihar Niyu Jazi ta taƙaita irin wannan shaida, ta bar bayanin jinkiri kawai. Ku tambayi mai gabatar da ƙara me jiharku ta amince da shi, ku kuma tambaye shi ko yarinyar za ta iya ba da shaida ta bidiyo daga wani ɗaki, wanda kotun ƙolin ƙasar ta halatta a 1990 idan ganin mutumin zai cutar da yaro.

Wata uwa: Ƙari a kan maganar Barista: don Allah kada kowa a gida ya riƙa yi mata bitar abin da za ta faɗa. Lauyan wancan ɓangaren yana iya kawo nasa ƙwararren ya ce manya ne suka cusa mata magana, kuma ba abin da ke jawo shakku kamar a ji yarinya tana magana da bakin manya. In ta kawo zancen da kanta, ku saurara, ku ce kun yarda da ita, ku sanar da mai gabatar da ƙara.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Yanzu zan kira ƙanwata, don jiya ma na ji tana tambayar yarinyar ranaku.